Wanda Rijiya ta Rufta da Shi

Shekarar da mahaifinmu ya rasu ina koyar da tarihi a wata lakwal a Tasawa, ina kuma rubuta kundin kammala karatu a kan garuruwan yankinmu. Bayan an watse daga zaman makoki na koma aiki. Ban yi kuka ba. Ina ci, ina salla, ina shiga aji, amma ko an tsikare ni da allura ba na jin zan ce wayyo.

Wata rana na buɗe wayata ina neman abin da aka rubuta a kan ƙauyenmu, can gefen Urafan, a babban kundin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki. Ɗan guntun bayani ne. An ce manoman hatsi da wake ne, an ce akwai tsohuwar rijiya, kuma wani porje ne, irin aikin taimakon nan na ƙungiyoyi, ya gina ta lokacin fari. Porje ya zo, gaskiya ne, amma siminti kawai ya shafa wa bakinta. Kakana da ƴan'uwansa suka haƙa ta da hannu, ta kuma rufta da ƙanensa, ba a ciro shi ba. Haka mahaifinmu ke faɗa duk lokacin da aka zauna ɓarar wake. Sunan ƙanen ne ban taɓa ji a bakinsa ba, kullum sai dai ya ce marigayi.

Na gyara bayanin. Aka goge, aka ce in kawo madogara. Malamin da ke duba aikina ma haka ya ce: baki madogara ce, amma a ɗauki murya, a san mai maganar, a san wanda ake magana a kansa.

Ranar kasuwa na hau moto na tafi gida. Na zauna da dattawa gindin gawo, na ajiye waya tana ɗaukar murya. Wanda ya fi su shekaru ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ai porje ne. An karanta muna a salula, rubuce yake." Na tambayi ko ya tuna an ce ta taɓa ruftawa da mutum. Ya ce shi ma da haka ya ji, amma tunda ba a rubuta ba, ƙila wata rijiya ce. Sauran suka gyaɗa kai. Ban yi gardama ba, na sha ruwan da aka kawo mini.

Mutum ɗaya ya rage, mahaifiyata. Ta shigo gidan tun kakana na da rai, ta yi masa fura shekara da shekaru, ba abin da bai faɗa a gabanta ba. Sai dai ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni. In na gaishe ta sai ta amsa tana duban ƙwaryar da ke hannunta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka ake yi a wurinmu.

Na ba matata wayar ta shiga ta ɗauko mini muryarta, na tsaya bayan darni. Tsohuwa ta yi magana fiye da yadda na taɓa jin ta yi. Ta faɗi yadda suka riƙa fitar da yashi da kwando, da yadda ƙasa ta zubo da hantsi, da yadda kakana ya yi ta haƙa da yatsu har farcensa ya cire. Ta ce sun bar ramin sun koma gefe kaɗan suka sake, shi ya sa ba a ɗaure dabba gabas da rijiyar. Amma ba suna ko ɗaya a maganar. Surukinta tsohon gida ne, mijinta mai gidan nan, wanda ya mutu a rijiyar kuma wancan bawan Allah.

Matata ta ce, "Inna, mine ne sunanshi?"

Ina jin ƙarar ludayi a ƙwarya.

Matata ta sake tambaya a hankali.

"Ke ma kin san ba ni iya hwaɗi," in ji tsohuwa. "Mijinki ya ci sunan. Tsohon gida da kanshi ya raɗa mishi."

Na tsaya a wurin har matata ta fito ta miƙo mini wayar. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na lura dai akuya na cin darnin, na kore ta.

Da na koma Tasawa na sake buɗe shafin. Na rubuta cewa mutanen gari suka haƙa rijiyar, na rubuta cewa ta rufta da ɗayansu, na sa sunansa. Na ambaci muryar da aka ɗauka. Malamina ya saurare ta, ya ce labari ne mai kyau, sai dai babu suna a ciki, ba zai iya ƙirga ta ba.

Gyaran bai daɗe ba aka sake goge shi. Wanda ya goge, wani da ban sani ba, ya bar mini bayani cikin ladabi da faransanci. Ya ce ya duba ya ga sunan mamacin iri ɗaya ne da sunan da na yi rajista da shi, kuma ba a yarda mutum ya cusa kansa cikin tarihin garinsu ba.