Faɗan Hantsi na Labaran Mai Goro

Labaran mai goro ɗan garin Jugu ne a ƙasar Dahome, jikan fatake. Shekarar da Dahome ta sami 'yancin kai ya sauko garin Paraku, ya kama rumfa a dogon layin nan da ya taso daga tashar jirgin ƙasa. Lokacin layin yana tashe. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu zuwa Nijar, duk nan suke lodi, cunkoso har in ka sunkuya gyara takalmi sai ka ɗago a ƙofar wani kanti daban.

Sai aka mayar da wurin lodi bayan gari, layi ya mutu murus. Awaki suka riƙa barci a tsakiyar titi, goron Labaran ya yamutse kamar fuskar mai shi. Matarsa Memuna ta ce, "Malam, in azumi ya same mu a haka, Jugu za mu koma."

Komawa Jugu kuwa zama ne ƙarƙashin wansa, a riƙa aikensa da furfurarsa.

Saura su biyu a layin, shi da Ɗanbala tela. Labaran ya san mutanenmu: sa wuce kaya, amma ba sa wuce faɗa. Sai suka shirya faɗan ƙarya. Kullum da hantsi a ji Labaran:

"Kai Ɗanbala, janye kekenka daga inuwata!"

"Inuwar gadonka ce? Kai da akuya ta shinshina goronka ta ba ka haƙuri!"

Masu rabo su sheƙo ta ko'ina. Wanda ya raba faɗa dole a miƙa masa goron godiya, in ya tauna kunya ta sa ya saya. Wanda rigarsa ta yage wurin rabo, ga tela a kusa. Wata Salamatu ta kawo tandar waina, wani ya kafa teburin shayi, masu kantuna suka dawo suna neman makullansu.

Abin ya dami Malam Abduljalil, limamin unguwa. Ya zaunar da su gaban jama'a, ya haɗa hannuwansu, ya sa suka yi alkawarin ba za su ƙara ba, ya shafa fatiha. Labaran ya fashe da kuka, hawaye na gaske. Liman ya ce, "Jama'a, kun ga tuba?"

Washegari babu faɗa, amma layi ya cika fiye da kullum, an zo ganin wanda zai fara karya alkawari. Aka yi ta jira ana ciniki. Azumi ya zo ya wuce, Memuna ba ta sake ambaton Jugu ba. Su biyun kuwa har suka tsufa suna gaisawa cikin ladabi, sai dai jefi-jefi su ɗan harari juna, kada 'yan kallo su fid da rai.