Mushe Laminu Mai Tocila Ya Rasu, Ni Ce Na Sa Hannu a Takardar Korarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina zuba wa yara koko sai ga kiran ƙanen Mushe Laminu daga Gazawa. Ya ce, "Zainabu, yayanki fa ya cika. Jiya bayan la'asar muka kai shi."

Ku yi haƙuri da rubutun.

Mafi yawanku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi a Gidan Rumji kuma da sunan tsiya suka san shi, Mai Tocila. Malamin gona ne, muna ce mashi Mushe, wato Malam da Faransanci. Shi ya koya mani aiki lokacin da na fito daga lakol, wato makaranta, aka turo ni buro, ofis ɗaya da shi.

Yana da wata na'ura ta hannu mai aiki da batir. Sai ya riƙe ta bisa alkama yana tafiya a hankali, tana haska ganyen, tana auna hasken da ya dawo, lamba ta fito. Ganyen da ya ƙoshi lambarsa sama take. Mai jin yunwar taki kuwa lambarsa kan faɗi tun yana kore shar, kafin ido ya ga komai. Shi yana kiran lamba, ni ina bayansa ina rubutawa cikin littafi, fage bayan fage, duk faɗin fadamar gulbi inda ake noman rani.

Watana na farko na rikita lambobin fage goma sha wani abu. Bai kai ni gaban shef, shugaban buronmu, ba. Ya ce, "Ɗauko hularki, mu koma." Muka sake auna su cikin rana, bai ƙara tada zancen ba.

Da ina da cikin fari, shi ke zaunar da ni gindin mangwaro, ya riƙa ƙwala mani lambobin daga nesa kamar mai tallan goro, manoma na dariya.

Ranar da Innata ta buƙaci jini a asibitin Maraɗi, shi ya hau moto, babur ɗinsa, ya zo ya bayar. Ko ruwa bai tsaya sha ba, wai alkama na jiransa.

Sai shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki. Gari ya cika da 'yan takara. Wani Alhaji mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ba zan kama sunansa ba, ya raba wa manoman alkama buhunan takin zamani kyauta, kowane buhu da hotonsa. Aka yi guɗa, aka yi kiɗa, aka zuba taki.

Bayan 'yan makonni muka shiga awo. Fagen da aka zuba takin Alhaji da wanda ba a zuba komai ba, lamba ɗaya. Mushe ya ce ƙila batir ne. Ya canza. Muka sake kwana uku a jere. Lamba ɗaya.

Ya ɗebi takin ya zuba cikin kwalbar ruwa ya girgiza. Da ya kwanta, fiye da rabi yashi ne da farar ƙasa.

Na ce, "Mushe, mu yi shiru. Lokacin zaɓe ne."

Ya ce, "Alkama ba ta san da zaɓe ba, Zainabu. In muka jira, ba ta yin kai."

Ya tara manoma gindin gawo. Wallahi bai ambaci sunan kowa ba. Cewa ya yi alkamarku na jin yunwa, ku kwaso kashin awaki da na shanu ku zuba yanzu, akwai sauran lokaci. Wani ya tambaya, to takin da muka zuba fa? Ya nuna masu kwalbar.

Kafin Juma'a zance ya juye. Wai ɗaya jam'iyyar ce ta turo shi. Wai tocilarsa ke ƙona ganye. Da alkamar ta fara zama ruwan ɗorawa kamar yadda ya faɗa, sai aka ce ga shaida, ai duk fagen da ya lalace Mai Tocila ya ratsa shi. Gaskiya ne kuwa, babu fagen da bai ratsa ba.

Ranar kasuwa suka tare mu bakin fadama, ƙarti biyar masu riguna da hoton Alhaji. Suka ce ya ba da na'urar. Ya rungume ta a ƙirji. Da ƙotar fartanya suka doki hannunsa na dama har ya saki. Na ji ƙarar ƙashin.

Suka farfasa ta, suka ɗaure gutsattsarin da igiya suka rataya mashi a wuya, suka ɗora shi bisa amalanken jaki suka ratsa kasuwa da shi. Mutane na bi suna "Mai Tocila! Haska mu gani!" Akwai wani tsoho, Baba Ɗan Jimma, wanda Mushe ya ceto gonarsa daga cutar tsatsa shekara guda kafin nan. Na gan shi da idona ya duƙa ya ɗebi danyen kashin shanu ya jefa mashi a fuska, ya ce, "Ga takin naka, zuba ma kanka."

Mushe bai goge ba. Hannu ɗaya a karye, ɗayan ya riƙe amalanke kada ya faɗi.

Jandarma sun zo bayan an watse. Shi suka tafi da shi, wai ya tada hankalin jama'a.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mijina.

Bayan an sako shi, yana kwance ana ɗori, shef ya kira ni buro. Ya tura mani takarda. An rubuta cewa na'urar ta daɗe da lalacewa, Mushe ya sani, ya yi amfani da ita don siyasa. Na ce ba haka ba ne. Shef ya ce, "Madam, ke kaɗai ce shaida. Ko ki sa hannu, ko ki bi shi. Kuma littafin nan na buro ne, aje shi nan."

Na sa hannu. Na aje littafin. Ban ƙara ganinsa ba.

Aka kori Mushe. Alhaji ya ci zaɓe. Alkamar ba ta yi kai ba, sai ta mutum uku ko huɗu da suka zuba kashin awaki a ɓoye, su ma ba wanda ya buɗe baki. Ni aka ba kujerarsa.

Ya koma Gazawa. Hannun bai sake miƙewa ba. Sau biyu yana aiko mani da gaisuwa, ban amsa ba. Kunya ce, amma shi ina zai sani?

Bara na gan shi a tashar Gazawa. Ina cikin mota ana jiran ta cika, sai ga wani dattijo ramamme da tiren dashen tumatir bisa kai. Shi ya fara gane ni.

"Zainabu! Ina yara? Ina Inna?"

Na sauko na durƙusa. Na ce Inna ta rasu. Ya aje tiren ya yi mata addu'a mai tsawo.

Sannan ya ce, "Abu guda nike son tambayarki tun tuni. Littafin nan namu, kin kwafe lambobin wani wuri?"

Na ce, "A'a, Mushe."

Ya kalli ƙasa. Ya ce, "To. Shi ke nan."

Ya zaɓo dashe biyar da hannun hagu, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma ya miƙo mani. "Ki dasa da marece, kada ki cika masu ruwa." Direba ya danna oda. Na shiga mota ban ce ya yafe mani ba. Na ce wa raina zan dawo takanas.

Ban koma ba.

Na tambayi ƙanensa ko wani ya zo jana'iza daga Gidan Rumji. Ya ce, "Wa zai zo?"

To ku ji, mutanen fadama, da 'ya'yan waɗanda suka bi amalanken nan suna ihu. Na'urar lafiyarta lau. Ni na rubuta lambobin da hannuna. Takin yashi ne. Mushe Laminu bai ƙona alkamar kowa ba, takardar da na sa wa hannu ƙarya ce.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Laminu. Ka sa wulakancin da ya sha ya zama kaffara gare shi, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mashi Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun gama, ku roƙa mani gafara ni ma, don wanda ya kamata in roƙa yana ƙarƙashin ƙasa tun jiya.