Kan Sarkin da Na Ajiye a Gwangwani

Har yau ban sami wanda ya gamsar da ni ba: yaya abin da gara ba ta ci ba, ruwa bai taɓa ba, zai lalace yana rufe a gwangwani? Ban yi karatu ba. Faɗa nake ana rubutawa, in na yi shiru kuka ne ya tare ni.

A Ɗantutture na tashi, a hannun kakana. In ya sayar da gyaɗarsa a kasuwar Kurfi, sai ya hau keke zuwa gidan waya na Dutsin-Ma, ya sayo kan sarki na shekara guda saboda 'ya'yansa da ke ci-rani. A gwangwanin madara yake zuba su, ya toshe bakin da tsumma. Ranar aika wasiƙa ni yake kira in lasa bayan. Har yanzu ina jin ɗanɗanon nan a harshena, kamar ƙaro. Yakan ce, "Amarya, wannan ma hatsi ne. Ki saya da sauƙi, ki ajiye." Daga ni har shi ba mai sanin lamba, hoto muke ganewa. Mai tsuntsu guda ɗaya yana kai wasiƙa ko'ina.

Da aka kai ni ɗaki a Shema, na tafi da wannan ɗabi'a. Maigidana, Malam, yakan tsokane ni da cewa rumbuna biyu ne, ɗaya na gero, ɗaya na takarda. Daga baya wayar hannu ta zo, aka daina wasiƙa, gwangwanina ya koma ƙasan adaka da sauran guda uku.

Malam yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun ɓata a kan iyakar gona, ƙanen ya yi Kudu, shekaru ba ko gaisuwa. Babu mai lambarsa, sai adireshi a wata tsohuwar takarda. Da ciwo ya kwantar da Malam bara da damina, ya ce a rubuta masa, ya zo su yafi juna. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya rubuta, ya ce bari ya kai gidan waya. Na ce ya bar shi, ina da kan sarkina. Na lasa, na manna, na shiga mota da kaina zuwa Dutsin-Ma, na jefa a akwatin gidan waya. Ban tambayi kowa ba. Har daɗi nake ji ajiyata ta yi rana.

Kullum da hantsi Malam yakan ce, "Ta isa kuwa?" In ce tana hanya.

Bayan makonni sai ga maƙwabcinmu da wasiƙar, ta dawo akwatinsa na gidan waya ba a buɗe ba. Na koma da ita Dutsin-Ma. Ma'aikacin ya duba, ya ce, "Inna, kuɗin aika wasiƙa ya ƙaru tun tuni. Mai ya tashi, mota ta tashi. Irin wannan ko kin rufe ambulan da su, ba za su isa ba."

Na ce, "Ɗana, ai ranar da na saya na biya kuɗin kaiwa."

Ya ce, "Haka ne, Inna." Na sayi sabo, aka sake aikawa. Malam kuwa ban gaya masa ba, bakina ya kasa.

Ƙanen ya zo ranar sadakar bakwai ɗin Malam, da wasiƙar a aljihu. Ya tsuguna a ƙofar zaure yana kuka kamar yaro. Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare, na sani. Amma na gaji da tunanin makonnin nan. Yanzu ko gishiri ba na ajiyewa da yawa, sauran kan sarkin nan biyu kuma suna nan, na kasa zubarwa.

Ranar da Malam zai cika, ina ba shi kunu, ya kama hannuna ya ce, "Ki share ɗakin zaure, ki shimfiɗa wa ƙanena sabuwar tabarma. Ai wasiƙarki ta isa."