Cikin fari da takardar inshora

Shekarun baya can, lokacin da tsadar abinci da rashin tsaro suka haɗe wa mutanenmu, na samu aikin bincike na shekara biyu a wata jami'a, irin wanda ake ba wanda ya gama digiri na uku bai samu kujera ba tukuna. Aikina bin gonakin gwaji ne a Karare da Runka, ina auna yadda ciyawar wuta-wuta ke shanye dawa. An ɗauke ni ne don ni 'yar Batsari ce. Inda baƙo ba zai yarda ya shiga ba, ni sai in hau babur in shiga.

Mu ba cikakkun ma'aikata ba ne, ba kuma ɗalibai ba, don haka ba mu da hutun haihuwa. Abin da aka tanadar mana inshora ce ta wanda larura ta kwantar na ɗan lokaci, kamar karaya ko tiyata, haihuwa ma a nan suka jefa ta. Mace za ta samu mako shida ba a taɓa gurbinta ba, da sharaɗin ta cike takarda, shugaban aiki ya sa hannu, kafin cikin ya kai wata bakwai. Ranar da na fara aiki na karanta wannan, har na ja masa layi da biro. Ba zan ce ban sani ba.

Ban daɗe da farawa ba na samu ciki, na fari. A gidanmu cikin fari ba a faɗinsa. Mahaifiyata ma ban gaya mata ba. Ta dai ga ina ture tuwo, washegari ta aiko mini da tsamiya da kwaɗon zogale, iyakar maganar ke nan. Shugaban aikinmu kuwa farfesa ne ɗan Safana, abokin mahaifina tun suna firamare, Baba nake ce masa. Sau uku ina shiga ofishinsa da takardar a jaka, mu gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in yi masa bayanin dawa, in fito da abata. Na sayi zumbulelen hijabi, wai ni mai dabara. Maigidana ya ce bari shi ya je ya faɗa, na rantse masa in ya je ba zan ƙara iya haɗa ido da Baba ba. Ya ƙyale ni da digirina uku.

Sai da na shiga wata na takwas, hawa babur ya gagare ni, na kai takardar wurin wata mata a ofishin ma'aikata. Ta duba katin awona, ta ce lokaci ya wuce, kamfanin inshorar ba zai karɓa ba. Abin da ya rage mini hutun shekara ne, kwana goma sha huɗu. In na wuce haka, an ɗauka na ajiye aiki. Haihuwar kuma ta faɗo daidai kaka, lokacin da za a yanke dawa a auna wahalar shekara guda.

Na haihu a gida Batsari, 'ya mace. Mahaifiyata ta ɗora tukunyar wankan jego, safe da yamma. Kwana biyar bayan suna na ce mata jibi zan koma. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Da ɗanyen jiki za ki hau babur zuwa Runka? Aiki ana samun wani. Zauna ki yi arba'in ɗinki."

Na zauna. Gaskiya ko ba ta hana ni ba, jikina ba zai kai ni ba. Aka ba wani gurbina, shi ya yi awon kaka. Da rahoto ya fito, sunana na can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Ya yi mini zafi ƙwarai, na yi kukana kwana biyu na share hawaye.

A yawon arba'in na kai jaririyar Safana gidan Baba. Ya karɓe ta, ya yi mata addu'a, sannan ya dube ni.

"'Yata," ya ce, "tun kina wata huɗu na gane. Takardar nan ni ma na fitar da ita, na sa hannu, tana durowata har yau. Kullum kika shigo sai in ce yau zan miƙa miki, sai nauyi ya kama ni. Yaya uba zai buɗe baki ya yi wa 'yarsa wannan magana?"

Na sunkuyar da kai na ce ba komai, Baba, haka Allah ya tsara. Ni ma da na san tana can, ba lallai in iya tambayarsa ba.

Shekara uku na yi kafin in sami wani aikin. Yanzu abin ba ya damuna, ban kuma riƙe kowa a rai ba. Duk macen da ta shigo aiki ƙarƙashina, ranar farko nake miƙa mata takardar da sa hannuna a kai, tun babu abin jin kunya, in ce ta ajiye. Iyakar wayon da na koya ke nan. Bara ƙanwata ta samu cikin fari, na gane tun da wuri, kuma har ta haihu ban iya ce mata uffan ba.