Tuwon da Aka Ci da Hagu

Ko na tsufa na bar aiki, akwai wani yaro ɗan shekara huɗu da ba zai fita daga raina ba. Aikina shi ne koya wa yara masu larura amfani da hannayensu, su ci abinci, su sa riga, su riƙe fensir. Lokacin ina neman takardar ƙwarewa a fannin cin abincin yara, an ɗora mini duba wasu yaran ƙarƙashin wata babbar ma'aikaciya a wani asibiti da ke garin Germantown, can ƙasar waje.

Yaron nan da shanyayyen hannun dama aka haife shi. Abin da ya ɗaure mana kai, a asibiti yana ci sosai, a gida kuwa sai ramewa yake yi. Likita ya ce in bai ƙara nauyi ba, za a huda cikinsa a sa masa robar abinci. Da yake iyayensa mutanen Maraɗi ne, ni kuma ina jin Hausa, ni aka tura gidansu a garin Woodbridge.

Na tarar da kakarsa, ita ke renonsa in iyayen sun fita aiki. Na durƙusa na gaishe ta, ta zubo masa tuwo da miyar kuka. Ya miƙa hagu da ɗokinsa, sai ta riƙe hannun a hankali.

"A'a, maigidana, da dama ake ci."

Ya yi ta fama da hannun da ba ya damƙa, tuwon na zubewa, har ya kau da kai. Nan take na gano matsalar, don mu a asibiti a hagun muke ba shi cokali. Ta yaya zan faɗa wa sa'ar mahaifiyata cewa tarbiyyar da take yi ce ke sa jikanta kwana da yunwa?

Da ƙyar na ce, "Hajiya, ba ƙiwuya yake yi ba, hannun ne ba ƙarfi. Allah da ya yi shi haka ya bar masa hagun."

Ta dubi jikan nata. Can ta ce, "Ke nan ni ce na hana shi ci?"

Tausayinta ya cika ni. Ta goge ido da bakin mayafi, ta gutsuro loma, ta ɗora a tafin hagunsa.

"Yi bismilla."

Ba a huda cikin yaron nan ba. Tun ranar na gane cewa wani lokaci mai ƙaunar yaro ne ke tare masa hanya bai sani ba, kuma ba za ka gano ba sai ka zauna inda suke cin tuwo.