Wuƙar Yaya Ladi da Ɗanyen Kifin Rayfield

Shekara goma ke nan cur da muka binne yayata Ladi, kuma ban taɓa zaton ɗanyen kifi ne zai sa in yi rubutu a kanta ba.

Duk wanda ya zauna unguwar Kabong ta Jos a wancan lokacin ya san kaskonta. Da yamma take ɗora shi a bakin hanya, ta soya kifi har ya yi ƙamas, idan ka gatsa sai na kusa da kai ya ji. A wurinta, kifin da ke da sauran laushi a ciki bai zama abinci ba tukuna. Na sha ganin mai saye yana sauri, yana cewa a kwashe masa haka nan, sai ta ce ya ƙara gaba, irin wannan ba zai hau teburinta ba. Da kifin nan ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu har na zama malamin makaranta.

Da jikinta ya yi tsanani, ta sa aka kawo mata wuƙarta ta gyaran kifi, wata siririya da yawan wasawa ya cinye rabinta. Ta damƙa mini, ta ce in ajiye wa 'yarta Simi, amma kada in ba ta sai na ga da idona ta kama sana'ar da gaske. Na naɗe ta a tsumma na tura ƙasan akwati.

Bana, dab da ranar tunawa da rasuwarta, Simi ta kira ni. Ta ce ta samu aikin kifi a wani ƙaramin gidan abinci a Rayfield, in zo ranar Lahadi bayan coci, in taho da amanar mamanta. Daɗi ya kama ni. Na sa wuƙar a jaka, ina tafe ina hango ƙaton kasko da mai yana tafasa.

Tun daga ƙofa jikina ya ba ni akwai matsala. Gidan kifi, amma ba hayaƙi, ba ƙaurin mai. Mai kawo abinci ya ajiye mini tsinkaye biyu a maimakon cokali, ya ce abincin mutanen Japan ne, sunansa sushi. Sai ga faranti: 'yan curin shinkafa kamar babban yatsa, kowanne da yankan kifi jawur a kansa yana ƙyalli. Na taɓa na ji sanyi ƙalau.

Na ce masa, "Malam, kun manta ba ku soya ba. Mayar a ƙarasa."

Ya ce, "Oga, haka ne ake cin shi. Ba a sa shi a wuta."

Na saki baki. Na waiga hagu da dama, ga mutane tsaf da kayan coci suna ta kaiwa baki hankali kwance, har wata tana ba ɗanta. A Jos! Don in samu abin da na sani, na ɗauki wani ɗan koren abu da ke gefen farantin, a zatona piya ce, na jefa duka a baki. Mu da muka tashi cikin yaji, ban taɓa jin masifa irin wannan ba. Harshe lafiya lau, amma hanci kamar an zura masa garwashi. Ina cikin sharar hawaye Simi ta fito da farar riga, ta ga farantin da ta haɗa da hannunta ko taɓa shi ban yi ba.

Da Yaya Ladi ce a kujerar nan, na san ba za ta tsaya surutu ba. Ɗaukar farantin za ta yi ta shiga kicin da kanta, ta tambayi inda suke ajiye mai. Raina ya ɓaci a madadinta. Na ce, "Simi, wannan ce sana'ar? Uwarki ta ƙare rayuwarta a gaban wuta, ke kina ba mutane ɗanye?" Na ƙanƙame jakata, na riga na yanke cewa wuƙar nan gida za ta koma.

Idonta ya cika, amma ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Kawu, zo ka ga aikin tukuna."

Na bi ta ciki ina hura hanci. Ta ciro kifi daga cikin ƙanƙara, ta danna shi da yatsa, ta shinshina, sai ta ture shi gefe. Mai gidan abincin yana tsaye, ya ce ai wannan zai iya shiga, mutane suna jira. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Oga, su jira. Wannan ba zai hau teburina ba."

Tsigar jikina ta tashi. Muryar uwarta ce, har da ɗan murguɗa bakin nan nata. Yarinyar da ke gyangyaɗi a gefen kasko a da ashe tana ji. Duk shekarun nan na ɗauka wuta ce gadon Yaya Ladi, alhali abin da ta tsare shi ne kada wani ya ci a wurinta ya kwana da ciwon ciki. Ita wuta take da ita, 'yarta kuma ƙanƙara.

Na koma teburi, na ture tsinkayen, na sa hannu na ɗauki guda na runtse ido na haɗiye. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, bai yi mini daɗi ba. Amma na kira Simi, na buɗe jaka na miƙa mata tsumman. Da ta warware ta ga wuƙar, sai ta rungume ta ta fashe da kuka a gaban mutane, ni ma nawa hawayen suka dawo, wannan karon ba na koren abin nan ba.

Kaskon ya daɗe da hujewa, inda Yaya Ladi take zama kuma an gina shago. Taurin kan nan ne ya rage, ga shi can a Rayfield sanye da farar riga.

Yaya, na sauke amanarki. Kifin dai, ki yi haƙuri, ɗanye ne.