Ƙarfen da na tuge a bakin burtali

Shekarun baya, wata safiya ina ɗauke da ƙwaryar fura zan kai kasuwa, na hango wani saurayi a filin da ke gabas da garinmu. Ya sunkuya a kan wata na'ura mai ƙafa uku, ya rufe ido ɗaya, ya saita ta daidai inda nake. Na tsaya cak. Ya ɗaga hannu ya yi mini alama. A lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da yayana ke sayo mini a kasuwar Tawa, kuma a cikinsu duk haka ake farawa: baƙo daga birni, yarinyar ƙauye, kallo ɗaya. Na gyara mayafi, na yi murmushi. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Malama, matsa kaɗan, kin tare mini sanda!" Ashe abokin aikinsa ne a bayana riƙe da sandar awo.

Da ina da hankali, da a nan labarin ya ƙare.

Garinmu yana arewacin Tawa, cikin duwatsun Adar, kuma a wancan lokacin ya cika ya batse. Meri ɗinmu, wato ofishin magajin gari, ɗaki biyu ne kacal. Mai neman takardar haihuwa da mai rigimar gona duk a kan benci ɗaya suke jira. Idan alƙali ya zo daga Tawa yin zaman shari'a, sai a sallami yara daga aji guda a ba shi. Shi ya sa aka yanke za a gina sabbin ofisoshi da zauren shari'a a wancan filin, aka turo wannan saurayin ya auna. Mutane suna ce masa Mushe, wato "monsieur" na Faransanci, yadda muke kiran ma'aikacin gwamnati.

Kwana huɗu yana awo, kwana huɗu furata ba ta isa kasuwa ba. A rana ta uku ya ce in riƙe masa bakin igiyar awo. Da muka gama ya shimfiɗa zanen ginin a kan mota, ya nuna mini: nan ofishin takardu, nan zauren alƙali, nan inda jama'a za su jira a inuwa. Na ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗaki a lungu na ce wannan fa? Ya ce, "Nan ake ajiye wanda ake tuhuma kafin a kira shi. Taga ɗaya gare shi, can sama." Na yi dariya. Ban san ɗakin nan zai zauna mini a ƙirji makonni ba.

A kowace kusurwa ta filin ya kafa turken ƙarfe, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Na ƙarshe yana gindin wata aduwa, a bakin burtali, hanyar da shanu ke bi su wuce arewa idan damina ta faɗi. Ni na miƙa masa ƙyallen wannan turken. Ya ɗaura, ya ce na gode, ya shiga mota ya koma Tawa. Ko sunana bai tambaya ba, amma ni na fassara wannan da kunya.

Washegari da rana tsaka, lokacin da kowa ke kwance a inuwa, na koma wurin. Ƙyallen kawai nake so in ajiye a cikin littafi. Ƙullin ya ƙi kwancewa. Na jijjiga ƙarfen, sai ga shi ya fito gaba ɗaya a hannuna. Maimakon in mayar, sai na cusa shi cikin mayafi na gudu gida, na ɓoye a bayan rumbu. Har yau idan aka tambaye ni dalili, ba ni da amsar da ta wuce wauta.

Kwana biyu bayan nan mai shela ya zaga gari, yana cewa turakun nan na gwamnati ne, duk wanda ya taɓa su jandarma za su tafi da shi. Ina tankaɗe na ji, rariya ta suɓuce daga hannuna. Na yanke ƙyallen da reza, na jira rana ta take, na koma in mayar da ƙarfen. Amma an yi ruwan farko a tsakani, ramin ya shafe. Kuma aduwa biyu ce a wurin, kamar tagwaye, tsakaninsu taku ashirin ko fiye. Na zaɓi ɗaya, na buga ƙarfen da dutse, na gudu.

Ba ita ba ce.

Ɗan kwangila ya zo da leburori, suka ja igiya daga turke zuwa turke, suka haƙa harsashin katanga. Ramin ya ratsa burtali ya cinye fiye da rabinsa. Da garken farko ya taso daga kudu, makiyaya suka tarar da rami a gabansu da gonakin da gero ya fara tsiro dama da hagu. Shanu suka cunkushe, wasu suka faɗa gona. Kafin azahar na ga maza suna fita da sanduna, na ga ƙanin mahaifina ya saɓa gatari. Mahaifiyata ta rufe ƙofa tana salati. Allah Ya sa hakimi da ardo suka isa da wuri suka shiga tsakani, ba a zubar da jini ba. Amma na ji muryoyin daga tsakar gidanmu, kuma na san hannuna ne ya kira su.

Aka kira Mushe daga Tawa. Ya sake awo ya ce an matsar da turke. Nan take zargi ya faɗa kan tsohon da aka ɗauka gadin filin, aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba. Kowa ya san shanu sun taɓa cinye masa gona kakaf, kuma bai daina maganar ba. Aka ce shi ya matsar da ƙarfen don ya toshe wa makiyaya hanya. Aka sa ranar zama. Jandarma suka ce idan ta tabbata, da shi za su wuce Tawa.

Kwana shida aka yi kafin zaman. Ko ƙarar mota na ji sai in ruga ɗaki. Duk inda na zauna, ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya nake gani, ina ce wa kaina ni za a fara rufewa a ciki, ni da na riƙe igiyar auna shi. Mahaifiyata ta taɓa goshina ta ce, "Ke, mi ke damunki? Ko littattafan nan ne sunka fara taɓa miki kai?" Na ce masassara ce. Na lallashi kaina da cewa Baba bai yi ba, don haka zai rantse a sake shi, kowa ya huta.

Ranar zaman aka taru a rumfar gaban meri, mata muna daga baya a jikin katanga. Ga magajin gari, ga hakimi, ga ardo da mutanensa, ga jandarma biyu. Da magana ta ƙi ƙarewa, hakimi ya ce a kawo Alƙur'ani. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu, mutum ya gwammace ya rasa gonarsa da ya rantse a kan abin da yake shakka, domin an yarda rantsuwar ƙarya ba mai ita kaɗai take ci ba, har gidansa take bi.

Baba ya yi alwala, ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni rantse ban taɓa ƙarhen ga ba." Har liman ya fara buɗe gafaka, sai ardo ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Shi rantse bai taɓa ba, kuma bai san wanda ya taɓa ba. In ya sa wani fa?"

Hannun Baba, da ya riga ya miƙa wajen Alƙur'anin, ya tsaya cak.

Hakimi ya ce, "Malam, ana jiranka." Baba ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Wagga ba ni iya ta." Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani daga cikin makiyaya ya ce kun gani ko! Jandarma ɗaya ya miƙe yana gyara ɗamara. Hakimi ya ce, "To faɗi wanda ka sani." Baba ya ce, "Ku tahi da ni." Bai waiwayo wajen mata ba ko sau ɗaya, kuma wannan rashin waiwayen ne ya gaya mini komai. Ya gan ni.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai mahaifiyata ta riƙo zanena, na fizge. Ƙyallen yana ƙulle a bakin mayafina, tun da aka fara rigimar na kasa rabuwa da shi na kuma kasa jefar da shi. Na durƙusa a gaban hakimi na ajiye shi a ƙasa, na ce ni ce.

Magajin gari ya ce, "Wa ya sa ki?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To don mi?" Jama'a, da a ce ɗakin nan an riga an gina shi, da na roƙi a rufe ni a ciki maimakon in amsa. Na ce ƙyallen nake so. Ya ce ƙyallen mi? Na ce wanda Mushe ya ɗaura. Sai wata tsohuwa daga bayan katanga ta ce, "Ayyo, ɗiyar mutane!" Dariya ta fashe, har ardo ya rufe baki da rawani. Mushe kuwa ya dube ni da kyau, ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Wace ce wannan?"

Jandarma sun rubuta bayanina, na dangwala yatsa. Hakimi da ardo suka roƙa kada a tafi da ni, aka yarda bisa sharaɗin gidanmu ne zai cike ramin. Kwana tara muna jidar ƙasa da kwano, ni da yayana da mahaifiyata wadda ba ta ce mini uffan ba sai a rana ta biyar. Makiyaya na wucewa suna gaishe ni da "Sannu, mai ƙyalle."

An gina ofisoshin, an gina zauren shari'ar. Da na je yi wa ɗiyata ta fari takardar haihuwa, na leƙa ɗan ɗakin nan. Cike yake da karyayyun kujeru da tsofaffin takardu, domin tuni wurin ya sake yi wa garin kaɗan. Har yanzu ina karanta littattafaina, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai na gane cewa ina can ina neman wanda zai tsaya mini a cikin baƙi masu mota, alhali wanda zai yarda a tafi da shi saboda ni yana zaune a kan buhu a bakin fili, yana korar awaki.

Baba ya ci gaba da gadi har idonsa ya mutu. Wata rana na kai masa fura, na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, duk zuwanki biyu ina ƙarƙashin rumfa. Na biyun har na buɗe baki in ce miki ba wannan aduwar ba ce. Sai na ce in na yi magana kin san na gane ki, kunya ta kashe ki. Ni kuma tsoron taɓa ƙarhen gwamnati nike. Kin ga wautar ba taki ba ce ke ɗaya."

Ya rasu a farkon wata damina. Hanyar maƙabartarmu ta burtali take bi, kuma ranar cike take da garke. Yayana ya ce da makiyayan suka ji ko gawar wa aka ɗauko, suka tare shanunsu gefe guda da sanduna har makara ta wuce, sannan biyu daga cikinsu suka bar garken suka bi sahu.